Tsakanin Sito da Zauren Majalisa: Rayuwar Ɗan Kasuwar da Ya Zama Ɗan Majalisar Jiha

Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙauye a Jigawa da gabashin Kano ya san irin mutumin da zan yi bayani a kansa, ko da kuwa sunansa ya bambanta daga wannan gunduma zuwa waccan. Yawanci ya fara ne da awon hatsi a rumfar ubangidansa, ko kuma da bin ƙauyuka lokacin kaka yana tara riɗi da zoɓo tiya-tiya har su cika buhu. Da tafiya ta yi tafiya ya samu jarin kansa, ya kama sito, ya shiga ɗora kaya a mota zuwa Dawanau, ranar Alhamis kuma a gan shi a Maigatari yana taya shanu. Idan Allah ya buɗa masa sai ya ƙara da injin casar shinkafa ko gidan mai a bakin titi, ya je Makka ya dawo, ya gyara masallacin unguwarsu, ya zama shi ake tasa da tsakar dare idan haihuwa ta zo wa wata da gardama ana neman motar zuwa asibiti. Daga nan ne wata rana dattawan gari za su yi sallama a zaurensa bayan sallar isha'i, su ce masa jama'a sun yanke shawara shi suke so ya wakilce su a majalisar dokokin jiha.

Wannan kira yana da daɗin ji, kuma sau da yawa da zuciya ɗaya ake yin sa. Sai dai abin da ya sa aka kira shi, wato buɗaɗɗen hannunsa, ba shi ne aikin da tsarin mulki ya tanadar wa kujerar ba, kuma daga wannan saɓani ne kusan duk wahalar da za ta same shi, da wadda za ta sami mazaɓarsa, take tasowa.

Haɗa kasuwanci da wakilci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata, wanda aka haifa a 1931 ya kuma rasu a 2025, ya zauna a Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke Kaduna a farkon shekarun 1960 alhali ragamar kasuwancin gidan Alhassan Ɗantata tana hannunsa, daga baya kuma ya riƙe muƙamin kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo. A Jigawa ma, Muhammad Badaru Abubakar da kasuwanci aka fara saninsa kafin ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023. Amma a zamanin Jamhuriya ta Farko majalisa lokaci-lokaci take zama, wakili ya je Kaduna ya yi kwanakinsa ya dawo kan sana'arsa. Tsarin da muke kai tun 1999 daban ne, domin ya wajabta wa kowace majalisar jiha ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, ya kuma ce wakilin da ya ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zaman ba tare da uzuri ba zai iya rasa kujerarsa. Ke nan kujerar ta zama cikakken aiki, ba abin da ake raɓawa a gefen sana'a ba.

Ƙofar shiga kuwa a takarda ba ta da tsauri. Sashe na 106 na tsarin mulki ya nemi mutum ya zama ɗan ƙasa, ya yi karatu zuwa matakin sakandare ko kwatankwacinsa, ya kasance ɗan jam'iyya kuma ita ta tsayar da shi. Shekarun da ake buƙata a da 30 ne, aka rage su zuwa 25 a gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a 2018. Kujerun ma ƙididdigaggu ne, tunda babu majalisar da za ta gaza wakilai 24 ko ta haura 40. Jigawa mai ƙananan hukumomi 27 tana da kujeru 30, shi ya sa Bulangu da Kanya da Fagam suke da nasu wakilan daban da na Kafin Hausa da Ɓaɓura da Gwaram. Kano kuwa mai ƙananan hukumomi 44 ta tsaya a kan 40, don haka aka haɗa wasu bibbiyu, kamar Kura da Garun Malam, ko Rimin Gado da Tofa. Wannan lissafi yana da tasiri a rayuwar wakili fiye da yadda ake zato, saboda a mazaɓar da ta haɗa ƙananan hukumomi biyu akan yi ta jayayya a kan karɓa-karɓa, kuma mutum zai iya rasa takara ba don ya gaza ba, sai don kawai an ce lokacin ɗaya ɓangaren ne ya zo.

Ƙofar gaskiya ita ce ta kuɗi. Gabanin zaɓen 2023 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar majalisar jiha a kan naira miliyan 2, PDP kuma a kan naira 600,000, Dokar Zaɓe ta 2022 kuwa ta ƙayyade cewa kada ɗan takarar wannan kujera ya kashe fiye da naira miliyan 30. Kuɗin fom shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Bayansa akwai ziyarar shugabannin jam'iyya na kowace mazaɓa, akwai daliget a lokutan da aka yi zaɓen fid da gwani na wakilai, akwai lallashin abokan takara idan maslaha aka zaɓa, sannan ga fasta da man mota da abincin magoya baya da sallamar wakilan akwati ranar zaɓe. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya, ko da ya fi kowa sanin matsalolin yankin, doka ta ce sai ya ajiye aikinsa aƙalla kwana 30 kafin zaɓe, kuma albashinsa na shekaru ba zai ɗauki wannan hidima ba. Wannan ne dalilin da ya sa idan jam'iyya ta waiwaya a karkara tana neman wanda zai iya ɗaukar nauyin kansa, idonta kan sauka a kan mai sito.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kuɗin da ɗan kasuwar ƙauye yake kashewa a takara ba rarar da ya ajiye ba ce, uwar kuɗi ce. Dukiyar irin waɗannan mutane ba a banki take kwance ba, tana cikin buhunan da aka saya da kaka ana jiran bazara su yi daraja, tana cikin bashin takin da aka ba manoman rani a fadamun Haɗeja da Auyo, tana kan hanya a cikin tirela. Zaɓe kuma a Najeriya yakan faɗo ne da rani, na majalisun jihohi a 2023 ranar 18 ga Maris aka yi shi, wato daidai lokacin da mai ajiya ya kamata ya daure ya riƙe kayansa. Sai buƙatar kamfe ta tilasta masa buɗe sito ya karyar da kaya kafin farashi ya tashi. Idan hakan bai isa ba ya jinginar da gona, ko ya karɓi taimakon wani babba a jam'iyya. Wannan taimako na ƙarshe shi ya fi kowanne tsada, domin Bahaushe ya riga ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

To, an ci zaɓe, an rantsar da shi a Dutse ko a Kano, sunansa ya koma Honarabul. A nan ne dokar da mutane da yawa ba su san da ita ba take fara aiki a kansa. Jadawali na biyar na tsarin mulki, wanda ya ƙunshi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana mai riƙe da muƙamin gwamnati na cikakken lokaci ya gudanar da kasuwanci na kansa ko ya shiga cikin tafiyar da shi, in ban da noma, wanda aka yi masa togaciya a fili. Ya kuma hana shi sanya kansa a matsayin da son ransa zai ci karo da aikinsa, ya hana shi riƙe asusun banki a ƙasar waje, ya wajabta masa bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki da lokacin sauka. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata tana da ikon sauke wanda ya saɓa, ta hana shi riƙe muƙami har tsawon shekara 10, ta kuma ƙwace dukiyar da aka samu ta hanyar cin amanar ofis.

Dokar ba ta ce ya sayar da dukiyarsa ba, cewa ta yi ya cire hannunsa daga juya ta. A kamfanin da yake da rajista da manaja da akanta wannan abu ne mai yiwuwa. Amma kasuwancin karkara a kan mutum ɗaya yake tsaye. Shi ya san dillalin da ba ya ha'inci, shi yake gane riɗin da aka cakuɗa da yashi da zarar ya damƙa a hannu, sunansa ne ya sa ake ba da kaya bashi ba tare da rubutu ba. Ranar da ya miƙa makullin sito ga ƙaninsa ko babban yaronsa, ya miƙa gini ne da buhuna, bai miƙa wannan sani da wannan amana ba. Saboda haka ɗayan biyu ne yake faruwa: ko dai ya bi doka kasuwancin ya riƙa ramewa a hankali, ko kuma ya ci gaba da juya shi ta waya daga ofishin majalisa da sunan ai noma yake yi, tunda a wurinmu iyakar da ke tsakanin manomin shinkafa da mai saye da sayar da ita siririya ce ƙwarai. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma a ganina wanda yake ƙoƙarin tauna su yakan ƙare da cutar ɓangarorin biyu.

Na taɓa kwana a gidan wani ɗan majalisa a yankinmu a ƙarshen mako, lokacin da ya dawo daga Dutse, kuma abin da na gani da safe bai bar zuciyata ba. Tun kafin a sallame sallar asuba an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Da rana ta ɗan ɗaga, mutanen da ke zaune sun fi ƙarfin inuwar darbejiyar da ke wurin. Wani dattijo yana riƙe da takardar magani da ta yi laushi saboda yawan ninkewa, ya ce matarsa tana kwance kwana huɗu. Wani matashi ya zo da takardar shaidar samun gurbin karatu, kuɗin rajista ya gagara. Wata tsohuwa ta tsuguna daga gefe, ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ya ci gonar, ko abin da za mu kai bakin salati babu." Shi kuma yana zaune da jaka a gefensa yana amsawa da "Sannu Baba" da "Allah ya ba ta lafiya, Inna", yana zaro abin da ya sawwaƙa. Kafin azahar jakar ta ƙare, mutane ba su ƙare ba. Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya tambaye shi abin da aka ware wa asibitin garin a kasafin kuɗin bana, kuma ban ga laifinsu ba, domin mai majinyaci a kwance ba ya jiran kasafi.

Amma ainihin aikin yana can cikin kasafin. Tsarin mulki ya ce ba za a taɓa kuɗin jiha ba sai da amincewar majalisa. Gwamna yana kawo ƙiyasinsa na shekara, kwamitoci su zauna da kowace ma'aikata ta kare abin da ta nema, sannan a zartar. Majalisa ce take tantance kwamishinoni, ita take karɓar rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha, sashe na 128 ya ba ta ikon binciken yadda ake kashe abin da ta amince da shi, kuma idan gwamna ya ƙi sanya hannu a kan doka cikin kwana 30, kashi biyu cikin uku na wakilai za su iya tabbatar da ita ba tare da shi ba. Har tsige gwamna tana iya yi, kamar yadda majalisar Kaduna ta yi wa Balarabe Musa a 1981. Takardar maganin da ke hannun dattijon nan, asalinta layi ne a cikin kasafin ma'aikatar lafiya da ba a saki kuɗinsa ba, ko aka saki bai iso ba. Gonar tsohuwar kuma tana da alaƙa da jingar da ba a ɗaga ba da ciyawar kacala da ta toshe hanyar ruwa a kogin Haɗeja, abin da ya sa ambaliya irin ta 2020 da ta 2022 ta yi wa manoman yankin mummunar ɓarna. Wakilin da ya tsaya a kwamiti ya matsa sai an nuna masa inda kuɗin ya shiga ya yi wa mutum dubu aiki a zama ɗaya, amma babu wanda zai gan shi yana yi, alhali wanda ya raba dubu bibbiyu a ƙofar gida kowa ya shaida.

Abin takaicin shi ne, babu wanda ya fi ɗan kasuwa dacewa da wannan aiki na bin diddigi. Mutumin da ya san farashin buhun siminti da na tipar yashi, wanda ya taɓa haƙa rijiyar burtsatse da kuɗinsa, idan aka kawo masa takardar kwangilar ajujuwa biyu kallo ɗaya zai yi ya gane an yi aringizo. Ya san abin da direba yake biya a shingayen karɓar haraji tsakanin ƙauye da Dawanau, ya san yadda cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin dakon kaya, ya ga yadda ƙarancin takardun naira a farkon shekarar ya durƙusar da cinikin dabbobi. Wannan ilimi ne da ba a samun sa a aji, kuma majalisar da take yin dokokin haraji da na kasuwanni tana matuƙar buƙatarsa.

Me ya sa to ba a cika ganin amfaninsa ba? Amsar tana komawa ga jakar nan da ta ƙare kafin azahar. Albashi da alawus ɗin ɗan majalisar jiha, waɗanda hukumar rabon arzikin ƙasa take ƙayyadewa, ba za su ɗauki nauyin ƙofar gida irin wannan kowane mako ba, ga kuma ramin da takara ta bari a jarinsa. Dole ya nemi wata hanya, hanyoyin kuma kusan duk ta fadar gwamnati suke bi: aikin mazaɓa da za a saka masa a kasafi kuma a saki kuɗinsa, gurbin aiki ga yaransa, shugabancin kwamiti mai maiƙo, da kwangilar da za a ba wani kamfani wanda kowa ya san na ɗan'uwansa ne. Wanda yake jiran sa hannun gwamna a kan waɗannan ba zai tashi a zauren majalisa ya titsiye kwamishinan gwamnan ba. Uwa uba, tikitin komawa karo na biyu yana hannun masu riƙe da jam'iyya a jiha. Haka mai sa ido yake komawa mai neman alfarma, jama'a kuma su riƙa kiran majalisar 'yan amshin shata.

Kano ta nuna wannan a fili. A watan Mayun 2019 majalisar dokokinta ta zartar da dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki a zamanin Gwamna Abdullahi Ganduje, sannan a ranar 23 ga Mayun 2024 majalisar ta soke dokar masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a ranar. Ba ina yanke hukunci a kan wanne ne daidai ba, kowane ɓangare yana da hujjojinsa. Abin lura shi ne ƙarfin da majalisar jiha take da shi, har ta iya sauya fasalin sarautar da ta yi ɗaruruwan shekaru, da kuma yadda wannan ƙarfi yake saurin motsawa idan buƙatar ta dace da ta gwamna mai ci. An yi gyaran tsarin mulki a 2018, aka ƙara wani a 2023, don majalisun jihohi su riƙa samun kuɗinsu kai tsaye, kuma gyara ne mai kyau. Sai dai ya 'yantar da asusun majalisa ne, bai 'yantar da aljihun wakili ɗaya ɗaya ba.

Ba na cikin masu cewa a raba ɗan kasuwa da siyasa. Na fi ganin cewa wanda ya shiga da sana'a mai ƙarfi, ya tsara ta tun kafin takara yadda za ta rayu ba tare da shi ba, ya yi mata rajista, ya raba asusunta da aljihunsa, ya kuma haramta wa kamfaninsa neman kwangilar jihar da yake sa wa ido, shi ne ya fi kowa damar cewa a'a, domin yana da wurin komawa. Matsalar tana ga wanda ya cinye jarinsa a hanyar zuwa, ya wayi gari kujerar ce kaɗai sana'arsa. Mu ma masu zaɓe muna da namu kason, tunda tsarin mulki ya ba mu damar yi wa wakili kiranye idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sanya hannu, amma ko taron jin bahasi a kan kasafi ba mu cika neman ya kira mana ba.

Wa'adin shekara huɗu ne, kuma da yawa ba sa komawa. Wani karɓa-karɓa ce take cin sa, wani ubangidansa ne ya sauya sheƙa ya bar shi a tsakiya, wani kuma guguwar zaɓen gwamna ce take tafiya da shi, tunda rana ɗaya ake jefa ƙuri'un biyu kuma mutane da yawa jam'iyya ɗaya suke dangwala wa daga sama har ƙasa. Sai ya sake cike fom ɗin bayyana kadarori na sauka, ya kwashe kayansa daga Dutse ya dawo gida. Idan ya leƙa kasuwa zai tarar manoman da suke kawo masa riɗi sun koma wajen yaron da shi ya koya wa awo, wanda yanzu yake da nasa siton da tasa motar, farashin buhu kuma ya ninka abin da ya sani, jarin da ya rage ba zai cika rabin siton da yake cikawa a da ba. Wasu sukan daure su sake farawa daga tiya, wasu su koma zaman jiran muƙamin mai ba gwamna shawara. Sunan Honarabul dai yana nan bai goge ba, kuma da asuba idan ya buɗe ƙofa zai tarar da mutum biyu ko uku a kan tabarma, kowanne da takardarsa a hannu.